Bakanuwar da Ba Ta Taɓa Ganin Kano Ba

Ranar da Hajiya Turai ta buɗe min ƙofar gidanta na unguwar Nuzla, wari ne ya fara tarbata: amai da turaren wuta da ruwan wanke ƙasa, duk a cakuɗe. Azumi bai daɗe da wucewa ba. Waɗanda muka zo Umra tare sun koma gida, ni na maƙale a Jidda, ba kuma don ƙarfin hali ba. Tun da mijina Malam ya rasu na fita takaba, ba ni da burin da ya wuce in tsaya a Arfa in roƙa masa gafara, na kuma san kujerar Hajji ta fi ƙarfina. Hajiya Turai 'yar unguwarmu ce a Tudun Wadan Zariya, mahaifiyarta da tawa tare suke zuwa ɗaukar karatu. A cikin Harami ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, ki zauna. Ina da gida a Jidda da nake kula da mata marasa lafiya. Ki taya ni aiki zuwa Babbar Sallah, ni kuma in kai ki Arfa da kaina. Yaranki ai suna hannun yayarki."

Na ɗauka tsofaffi zan tarar, masu ciwon ƙafa da hawan jini. Ashe matan da ƙwaya ta kama ne, da waɗanda aka yi wa abin da ya taɓa musu hankali. Yawancinsu Hausawa ne, na Najeriya da Nijar da Chadi, danginsu na jin tsoron kai su asibitin gwamnati saboda rashin takardu. Hajiya ta karɓi fasfona ta ce za ta adana min kada ya ɓace, ta nuna min katifata a ɗakin marasa lafiyar, ta haɗa ni da Kaltuma.

Kaltuma 'yar Chadi ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Ita ta koya min aikin. Wuƙaƙe da almakashi a kulle suke, makullin a wuyanta. Wadda aka kawo sabuwa, kwanakin farko jikinta zai yi ta rawa cikin zafin nan na Jidda kamar an tsoma ta a randa, ta yi gumi, ta yi amai, ta soshe fatarta har jini. A lokacin ba wa'azi take buƙata ba. Ki yanke mata farce, ki shafa mata man zaitun a ƙafafu ki yi ta matsawa, ki ba ta kunun tsamiya cokali-cokali. Ta zage ki, ki ce na gode. Ta roƙe ki don Allah don Annabi ki buɗe mata ƙofa, ki kalli ƙasa. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sudan da kan leƙo lokaci-lokaci ta duba su, amma sauran duk mu ne.

Ban cika fita ba, don bizata ta ƙare, ko inuwar motar askar, 'yan sandan ƙasar, na gani sai in koma ciki da sauri. Iyakacina gidan burodin wani tsohon Bayamane a ƙarshen layi. Ya lura kullum idona a kumbure yake, sai ya riƙa ɗora min tamis guda, irin faffaɗan burodinsu, a kan wanda na saya, ya nuna ni da yatsa, wato wannan nawa ne ni kaɗai. Ba mu taɓa fahimtar maganar juna ba. Kewar gida kuwa ta hanci ta fi kama ni. Wata rana Kaltuma ta kwance wani ƙulli ta miƙo min daddawa 'yar mitsitsiya, na shiga banɗaki na yi kuka kamar an aiko min da rasuwa.

Abin da ya sa na ƙaunaci gidan shi ne zaman hantsi. Bayan karin kumallo sai a shimfiɗa babbar tabarma, a zube gyaɗa a tsakiya, kowa ta zauna tana tsince ruɓaɓɓu, don ana soyawa a kai wa masu talla. Hannu na aiki, ido na ƙasa, ba mai kallon fuskar wata, sai ka ji baki ya buɗe da kansa. Hajiya ce ta kafa zaman, ita ta kafa dokarsa, kullum kuma sai ta maimaita: duk abin da aka faɗa a nan amana ne, ba ya fita ko zuwa kicin. Na ga matan da suka shekara ba su faɗa wa kowa abin da ya same su ba sun faɗe shi a kan gyaɗar nan. A raina na ce, Allah Ya saka wa baiwar Allah nan da Aljanna.

Ana cikin haka aka kawo Sumayya.

Ƙanwar mahaifiyarta ce ta kawo ta daga unguwar Kurayyat, tana janta kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba, wuyan hannunta kamar sillen kara. A bakin ƙofa matar ta faɗi sharaɗinta da ƙarfi don kowa ya ji: 'yar Sumayya, Amal, tana hannunta. In an yi Babbar Sallah Sumayya ta rabu da ƙwaya, za ta mayar mata da 'yarta. In ba haka ba, halas, ta manta ta taɓa haihuwa.

A Jidda aka haifi Sumayya, a nan aka haifi uwarta. Larabci ne a bakinta, Hausar kuwa ta tsofaffi ce, don a wurin kakarta ta koya, wadda take kira Sitti. Sai ka ji yarinya ɗanya ta ce "wash, ƙashina" ko "madalla da ke", kamar wata gyatuma. Ranar farko ina matsa mata ƙafa na yi mata tambayar da kowane Bahaushe ke yi wa baƙo, na ce, "'Yan mata, ke 'yar ina ce?"

Ta janye ƙafarta. "Min hina. 'Yar nan."

"Na sani, amma can gida fa? Wane gari?"

Kaltuma ta taka min ɗan yatsa. Da muka fito ta ce, "Yaya, nan ba a wannan tambayar." Ba ta ƙara ba, ni ma ban nemi dalili ba. Na ɗauka irin halin mutanen birni ne.

Na sha wuya da Sumayya. Ta cije ni a kafaɗa, tabon na nan har yau. Ta watsa min kunu a fuska. Amma in abin ya lafa sai ta kama gefen zanena ta ce, "Khala, kar ki tafi." Khala kuwa inna ke nan da Larabci. Na gano in na ambaci Amal rawar jikin takan ragu, sai na riƙa tambayarta: wane abinci take so, haƙoranta nawa suka fito? A hankali ta fara cin abinci, ta fara sallah a bayana. Muka zama mu biyu masu jiran wata guda: ni ina jiran Zulhajji don Arfa, ita tana jiransa don 'yarta. In na ce, "Saura ƙiris," sai ta ce, "Inshallah, ya Khala."

Wata safiya a kan tabarma ta yi magana. Ta ce bayan rasuwar Sitti ta kama aikin shara a shagon wani mai sayar da akwatuna a Kurayyat, ana ce masa Abu Nasir. Shi ya fara ba ta ƙwaya wai maganin gajiya. Da ta saba, sai ya daina bayarwa kyauta, kuma ba kuɗi yake karɓa ba. Ta faɗi abin da ta faɗa, wanda ba zan rubuta ba. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, kuma in ta warke ta karɓi 'yarta, sai ta tsaya a ƙofar shagon ta faɗa wa duk unguwa.

Ina kusa da Hajiya. Na ga hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗa, ya daɗe bai motsa ba. Na ce a raina tausayi ne.

Bayan kwana biyu ta kira ni ɗakinta, ta zuba min shayi da hannunta.

"Hadiza, yarinyar nan ta shaƙu da ke. Ina so ki taimaka mu gano asalinta. Alhazai sun fara sauka, ƙila a dace da danginta a cikinsu. Mutum in ya san yana da dangi ya fi saurin warkewa."

"Hajiya, na taɓa tambayarta, ba ta so."

"Ba tambaya za ki yi ba. Ki riƙa yi mata hirar gida kawai. Jini ai ba ya ɓuya."

Na ji daɗin maganar har raina. Washegari muna kicin ni da Sumayya, Kaltuma ta tafi kasuwa, ina tuƙa tuwo ina ba ta labarin Zariya: ganuwa, da rimaye, da yadda ake cika Tudun Wada ranar Sallah. Sai ta ajiye albasar da take ɓarewa.

"Khala, inti Bazazzagiya? Wallah?"

"Gaba da baya."

Sai yarinyar nan ta fashe da dariya, dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba, har tana riƙe ciki. "Ya salam! Ashe baiwata ce ke matsa min ƙafa! Sitti ta ce duk Bazazzage bawanmu ne. Akwai wani tsoho Bazazzage a unguwar Ammariyya, duk watan cika-ciki sai ta je ta tsare shi a ƙofar gida sai ya ba ta kuɗin shara."

Na saki muciya na tafa hannu. Wasan nan tsakanin Kanawa da Zagezagi ne, kowa ya sani. "La ilaha illallahu! Bakanuwa! Ashe baiwarmu nake ta wahala a kanta. Shi ya sa kike da son banza, ko cizo sai kin ciji babba!"

"Uskuti, yi min shiru, baiwa! Tuwonki na ƙonewa. Haka kuke, ko tuwo sai Bakano ya koya muku."

Sauran mata suka taru a bakin kicin ana ta shewa. Hajiya ma ta fito, tana dariya har da share hawaye da gefen mayafi. Ita ma ai Bazazzagiya ce, tana da hakkin shiga wasan. Ta ce, "Ku rabu da ita, ƙarya take. Wannan ba 'yar birni ba ce, daga gani 'yar ƙauye ce. Bakanon gaske ai unguwarsa yake faɗa."

Sumayya ta miƙe tsaye, ta dafa ƙugu. "Ƙauye? Ƙofar Mata! Gidan marina! Kakan uwata Malam Ɗanladi mai shuni, Sitti ta ce har ya mutu hannunsa shuɗi ne."

"To, to, mun yarda," in ji Hajiya. "Allah Ya huci zuciyar uwargijiyarmu."

Daidai nan Kaltuma ta shigo da kayan miya. Ta ji ƙarshen maganar. Ta dubi Sumayya, ta dubi Hajiya, ta ajiye ledar a hankali ta wuce. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Daga ranar sunana ya koma Baiwa. "Baiwa, ruwa." "Baiwa, zo ki tsefe min kai." Ni kuma in ce, "Bakanuwa sarkin rowa, ko sannu ba ki iya ba." Kumatunta suka fara cikowa. Kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar.

Da watan Zulhajji ya kwana biyar, Hajiya ta ce za ta kai Sumayya wani ƙaramin asibiti a gwada jininta, don ƙanwar uwarta ta ga shaida da idonta. Na yi mata kitso, na sa mata lalle, na ara mata abayata mai kyau. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baiwa, ki dafa da yawa. Ƙila mu biya mu taho da Amal ta gan ki."

Bayan la'asar Hajiya ta dawo ita kaɗai, tana kuka. Wai askar sun tare su a hanya, sun nemi takardu, sun tafi da yarinyar, ta yi roƙon duniya sun ƙi. Na rungume ta muka yi kukan tare. Ni ce ma nake ba ta haƙuri.

Washegari muna shanya a saman bene, Kaltuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, kin san sunan ƙanen Hajiya, mai kawo mana shinkafa?"

"Alhaji Sabo."

"Sana'arsa?"

"An ce akwatuna yake sayarwa a Kurayyat."

"Sunan ɗansa na fari Nasiru."

Abu Nasir, wato baban Nasiru. Zanen da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

Ta ci gaba da shanyarta tana magana ƙasa-ƙasa. Direban da ya kai su ɗan garin su Kaltuma ne, shi ya faɗa mata. Ba wanda ya tare su. Hajiya ce ta sa ya tsaya kusa da motar jami'an shige da fice, ta sauka da iƙamarta, takardar izinin zama, a hannu, ta yi musu magana. Sannan ta bayyana min abin da ban sani ba. Irin su Sumayya, haihuwar nan marasa takarda, in an kama su ba a san ƙasar da za a tura su ba. An taɓa kama ta, aka rasa ƙasar da za ta karɓe ta, daga baya aka sallame ta ga dangi. Abin da Sitti ta mutu tana ja mata kunne a kai ke nan: kada ta taɓa faɗin garinsu. Wannan karon kuwa an ba jami'an ƙasa, da gari, da unguwa, da sunan kaka.

"Na ce miki nan ba a tambaya," in ji Kaltuma. "Da na faɗa miki dalili. Ban zaci ta wasa za a biyo ba."

Ban san lokacin da na sa nikabi na fita ba. Na manta da tsoron askar, na shiga motar haya zuwa Kurayyat, na yi ta tambaya har na sami gidan ƙanwar uwar Sumayya. Ba ta bar ni na wuce zaure ba. Ta ce Hajiya ta riga ta bugo mata waya: yarinyar ta koma wa ƙwaya, ta gudu, an kama ta a titi. Na rantse mata da Allah ƙarya ce. Ta ce, "Ya ukhti, Hajiya Turai shekara da shekaru muka san ta. Ke wace ce?" Ta bayan labule na hango wata 'yar yarinya da kitson kalaba tana jan takalmin manya, goshinta sak na uwarta. Aka rufe ƙofa.

Na sami Hajiya a ɗakinta tana jan carbi. Ban zauna ba.

"Hajiya, ina amanar tabarma?"

Ba ta musa ba. Ko fuskarta ba ta canza ba. "Zauna, Hadiza."

"Ba zan zauna ba."

"Hayar gidan nan wa ke biya? Shinkafar da kike dafawa wa ke kawowa? Kin san hukuncin mai sayar da ƙwaya a ƙasar nan? Takobi ne. Sabo uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. In yarinyar nan ta buɗe baki, an kashe min ƙane, an rufe gidan nan, matan nan duk sun koma titi. Ni ban kashe ta ba. Ƙasar kakanninta za a kai ta."

"Ƙasar da ba ta san kowa ba? 'Yarta fa? Kuma matan da kike jinya, nawa ne daga shagonsa suka fito?"

Nan ne kawai carbin ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni. "Ke da bakinki kika ce mata Bakanuwa, a gaban kowa. Ni unguwa kawai na tambaya." Sai ta sassauta murya, irin muryar da ta yi min a Harami. "Motar Arfa jibi za ta tashi, na riga na kama miki wuri. Ki yi Hajjinki, ki roƙa wa Malam gafara, ki roƙa wa yarinyar ma. Abin da ya kawo ki ke nan."

Wannan magana ta fi komai yi min ciwo, don ta san inda ta taɓa. Ba zan ce ban yi tunani ba. Arfa ga ta nan, tafiyar da ba ta kai Zariya zuwa Kano ba. Na tuna Malam da yadda yake cewa in Allah Ya hore masa tare za mu je. Na yi tunanin kai ƙara, amma da wane harshe, da wace takarda, kuma matan da ke kwance a ɗakin nan ina za su? Na yi alwala na yi raka'a biyu. Duk inda na juya a cikin addu'ar, yarinyar nake gani za a sauke ta a filin jirgin Kano da abayar aro, ba ta san ko sunan kuɗin ƙasar ba, jikinta bai gama mantawa da ƙwaya ba. Na san inda irinta ke ƙarewa. Kuma da dariyata aka buɗe mata baki. Na kasa ganin yadda zan ɗaga hannu a Arfa a cikin motar da aka saye shiruna da ita.

Na nemi fasfona, Hajiya ta ce ba ta tuna inda ta sa shi ba. Kaltuma ta ce ba na buƙatarsa a inda za ni. Ta ƙulla min gyaɗa da sauran daddawarta, ta raka ni bakin layi. Tsohon Bayamanen ya ga jaka a hannuna, ya ɗora tamis biyu a kai, ya ɗaga hannu sama.

Akwai wata gada a Jidda da duk baƙo mara takarda ya san ta. Wanda ya gaji, a ƙarƙashinta yake zuwa ya zauna da kayansa har jami'ai su zo su kwashe shi a mayar da shi ƙasarsu. Ni da na yi wata biyu ina ɓuya daga askar, sai ga ni ina addu'ar su zo. Ba su zo da wuri ba, don duk hankali ya koma wurin alhazai. A kan kwali na yi ranar Arfa. Motoci na wucewa ta samanmu, wani mutumin Nijar ya kunna 'yar rediyonsa, Labbaika na tashi kamar ruwan sama. Na sa fuskata cikin gwiwa. Da magariba wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta raba dabinonta biyu ta ba ni rabi na sha ruwa. Ta ce, "Ɗiyata, Shi da ke can Shi ne a nan." 

Sai bayan Sallah aka kwashe mu zuwa tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar. Ɗakin mata zaure ne makeke, cike da jarirai da ƙulle-ƙullen kaya. Na bi bango ina duba fuskoki. Abayata na fara ganewa. Tana kwance a lungu, kitson da na yi mata ya tsefe, hannayenta duk sabon susa.

Na durƙusa na ce, "Sumayya."

Ta buɗe ido ta dube ni, ta mayar ta rufe. "Inti kaman. Ke ma da ke."

Ban kare kaina ba. Na jawo ƙafarta na fara matsawa. Ta janye, na sake jawowa. Can ta ce, idonta a rufe, "Kama ki suka yi?"

"Ni na kawo kaina."

"Hajji fa?"

"An sauko daga Arfa."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shiga kunne. Ba ta sake janye ƙafar ba, amma ba ta sake yi min magana ba, har aka kira sunayenmu, har cikin jirgi. Na roƙi mutumin ofishin jakadancinmu da ya zo tantance mu ya haɗa mu tafiya ɗaya, na ce 'yata ce. Ya dube ni ya dube ta, ya rubuta.

Da muka sauka Kano ban wuce da ita Zariya kai tsaye ba. Na ce tunda saboda unguwar nan aka raba ta da 'yarta, bari ta gan ta. Muka je Ƙofar Mata. Rijiyoyin rini da yawa sun bushe, an cika wasu da shara. Muka yi ta tambayar gidan Malam Ɗanladi mai shuni. Wani tsoho da hannunsa ya rine har gwiwa ya ce kamar ya taɓa jin sunan a bakin babansa, amma mutanen gidan sun watse tun tuni, an ce wasu sun yi gabas ba su dawo ba. Sumayya ta tsaya tana kallon hannunsa, ta daɗe. Masu babura na ta yi mana hon, yara na kallon baƙar abayarta.

Sai ta juyo, muryarta a dushe, ta miƙo min 'yar ledar da ita ce duk abin da ta mallaka.

"Baiwa. Ɗauki kayana. Kai ni garinku."

A gidana ta ƙarasa warkewa, ba kuma a sauƙaƙe ba. Yanzu ɗinki take yi, tana koya wa yaran unguwa Larabci. Duk watan cika-ciki sai ta tsare ni a ƙofar ɗaki sai na ba ta kuɗin shara. Amal kuwa tana can. Bayan shekaru ƙanwar uwar ta yarda a riƙa haɗa su a waya, amma yarinyar ita take kira Mama, Sumayya kuma "Khala ta Najeriya". In an kashe wayar nakan ba ta wuri.

Hajiya Turai ta zo gida wata shekara, ta gina rijiya a masallacin unguwa, ana ta sa mata albarka. Mun haɗu a gidan suna. Ta yi min sallama, na amsa don amsawa wajibi ne, ban ƙara ko harafi ba. Na sha roƙon Allah Ya wanke min zuciya a kanta. Har yanzu bai gama ba.

Mutanen unguwa Hajiya suke ce min, tunda sun ga na daɗe a can. Na gaji da gyara musu. Ban ga Arfa ba, ga ƙafa ta fara ciwo. Duk ranar Arfa ni da Sumayya muna azumi, in la'asar ta yi mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu fuskanci gabas. Ba na tambayarta abin da take roƙo, ita ma ba ta tambayata. Abin da aka raba kowaccenmu da shi, ta can yake.